Idan ɓarnar ta ƙare, me mai gadin zai ci? Fashin baƙi kan akwatin murjani

Ajiye kifin ado a akwatin gilashi ba baƙon abu ba ne a Accra. Za ka gan shi a falon gida a Madina, a ofis, a shagon aski a Nima, kuma kusan duka kifin ruwan daɗi ne, mai juriya, wanda ko an manta da shi kwana biyu yana nan. Akwatin murjani kuwa wata duniya ce dabam. Ruwan gishiri ne, duwatsun da ke ciki cike suke da rai, murjanin kansa dabba ne duk da kamarsa da fure, kuma masu yinsa a garin nan ƙalilan ne saboda tsada da wahala. Amma duk wanda ka zauna da shi a cikinsu, kukansu ɗaya ne: wani abu da bai saya ba ya tsiro masa a akwati, yana yaɗuwa, yana kashe wanda ya saya da kuɗi masu ciwo. Tambayar da ke biyo baya ma ɗaya ce: "Yaya, wane kifi zan sa ya cinye min shi?"

Tambayar ba ta da laifi, sai dai rabi ce. Ɗaya rabin, wanda ba a cika yi ba, shi ne: ranar da ya gama cinyewa, me zai ci?

Bari mu fara da yadda ɓarnar ke shigowa. Ba wanda ke sayen ta da gangan. A maƙale take zuwa, cikin ramukan dutsen da aka ɗebo daga teku, ko a ƙarƙashin ɗan dandamalin da ake manna yankan murjani a kai. A teku waɗannan halittu ba kowa ba ne, domin kowace tana da mai cin ta, kuma abinci ba ya wadatar ta. A akwati kuwa ta samu fitila mai ƙarfi ta awa goma kullum, ta samu ragowar abincin kifi da kashinsa, mai cin ta kuma an bar shi can a wata nahiya. Dole ta yi yawa.

Me ya sa ba za a zuba magani kawai ba? Saboda mai ɓarnar da wanda ake son karewa sau da yawa 'yan gida ɗaya ne. Anemon ɗin da ke addabar mutane, wata 'yar dabbar teku mai kama da fure, dangin murjani ne na kusa, abin da zai kashe wannan zai taɓa wancan. Maganin kifi mai sinadarin tagulla, wanda ake amfani da shi a kan cutar fararen ɗigo, yana kashe dodon koɗi da jatan lande da murjani gaba ɗaya, kuma yana shiga jikin dutse ya daɗe yana fitowa. Shi ya sa masu wannan harka suka koma ga tsarin da Allah ya riga ya shimfiɗa a teku, wato a kawo mai ci.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu a Afirka ta Yamma, ko da ba kowa ya san labarin ba. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro da ya shigo daga Kudancin Amurka ya auka wa gonakin rogo a nahiyar nan. Abin da ya ceci garin rogonmu wani ɗan mitsitsin zanzaro ne da aka samo a Paraguwai, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, a ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, ta hayayyafa ta sake shi a ƙasashe da dama a shekarun 1980, har da Ghana. Ya yi aiki domin bai san wani abinci ba sai wannan ƙwaro. A ɗaya gefen kuma akwai kwaɗon rake da aka kai Ostareliya a 1935 don ya ci ƙwaron da ke lalata rake. Bai yi wa ƙwaron wani abin kirki ba, ya juya yana cin duk abin da ya shiga bakinsa, gubarsa tana kashe namun dajin ƙasar, har yau ba a rabu da shi ba. Duk wata halitta da za ka sa a akwatinka tana tsakanin waɗannan biyun. Ko dai mai abinci ɗaya ce, wadda za ta yi aiki tsaf sannan yunwa ta kashe ta, ko kuma mai cin komai ce, wadda za ta rayu amma ba ka da tabbacin inda bakinta zai tsaya. Kamar mai shagon busasshen kifi ne a kasuwar Nima da ya kawo kyanwa saboda ɓera: za ta kama ɓeran, amma hancinta ya san inda kwandon kifi yake.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a kan Aiptasia, ƙaramin anemon nan da kusan duk mai akwatin murjani ya taɓa karo da shi. Idan ka matso da fuskarka jikin gilashi za ka gan ta a bakin wani rami: launin ruwan ƙasa, jiki shara-shara har haske na ratsa shi, kara siriri, da hannaye masu tsini suna lilo da motsin ruwa. Ka kai mata tsinke, kafin ka ƙifta ido ta shige ramin ba ko alama. Sabon shiga yakan yi murna da ita, ya ɗauka kyauta ce dutse ya zo masa da ita. Bayan wata biyu sai ya ga murjanin da ke kusa da ita ya ƙi buɗewa, gefensa ya yi fari inda take harbinsa. Kuma ta zama ashirin.

Sirrin yawanta a tafin ƙafarta yake. Idan ta matsa daga wuri zuwa wuri tana barin 'yan guntayen nama a baya, kowane guntu kuma ya girma ya zama cikakkiya. Saboda haka wanda ya sa wuƙa ya kankare ta shuka ya yi. Tana da ƙwayoyin gansakuka a cikin namanta da ke haɗa mata abinci daga haske kamar yadda murjani yake da su, tana kuma kama abin da ya gifta, don haka ba a kashe ta da yunwa, ba a kashe ta da duhu cikin sauƙi. Wannan taurin kai nata ne ma ya sa masana suke kiwon ta a ɗakunan bincike don nazarin abin da ke sa murjani ya koɗe idan teku ya yi zafi.

Wanda aka fi saya domin ta shi ne wani ƙaramin jatan lande mai jiki garai-garai da jajayen zane, daga tekun Karibiyan da gaɓar Florida, wanda ake sayarwa da sunan Lysmata wurdemanni. Shekara da shekaru masu akwati suna musu a kansa. Wannan ya rantse cewa cikin mako guda ya share masa akwati, wancan ya ce nasa ko kallon Aiptasia ba ya yi. Ashe duka gaskiya suke faɗa. A 2006 masana biyu, Andrew Rhyne da Junda Lin, suka nuna cewa abin da ake kira da suna ɗaya jinsuna ne da yawa masu kama da juna, har suka raɗa wa sababbi huɗu suna. Ba duka ne suke da sha'awar anemon iri ɗaya ba. Sai kuma wani ruɗanin da ya fi muni: akwai wani jatan landen daga tekun Indiya da Fasifik, Rhynchocinetes, mai tozo a baya da farin zane mai ƙyalli, wanda ake iya miƙo maka a madadin wancan. Shi ba ruwansa da Aiptasia, murjani mai laushi yake ci. Idan ka ga tozo, ka mayar. Ko na gaskiyar ma ƙananan yake fi ci, manya sukan gagare shi, idan kuma kana cika akwati da abinci zai ƙoshi ya bar aikin. Yana da halin sata kuma: kana ba murjani mai babban baki abinci, sai ka ga ya hau kansa yana zaro loma daga ciki.

Na biyu shi ne wanda ya fi burge ni, shi ne kuma ya fi ba ni tausayi. Berghia stephanieae dodon koɗi ne marar gida, tsawonsa bai wuce santimita biyu zuwa uku ba, fari, da wasu 'yan gashi masu taushi a gadon baya. Abincinsa a duniya Aiptasia ce kaɗai. Ba ya taɓa murjani, ba ya taɓa kifi. Da rana ba za ka gan shi ba. Sai dare ya raba, ka kashe fitila, ka haska da 'yar tocila, sannan za ka ga uku ko huɗu sun kewaye anemon guda daga gindi, suna ci a hankali har ya ƙare ƙurmus, ba guntun da zai sake tsirowa. Gashin bayansu yakan rine ya koma ruwan ƙasa bayan sun ci, da haka ake gane sun ƙoshi. A ƙarƙashin dutse za ka tarar da ƙwansu, farin zare a nannaɗe kamar gammo. Aikinsu na haƙuri ne, sai sun hayayyafa tukuna, wata biyu ko uku kafin ka ga bambanci. Famfon da ke juya ruwa yana zuƙe su, kifayen da ke kiwo a kan dutse suna tsince su, jatan landen can da muka ambata shi ma yana cin su. Don haka mai gaggawar da ya zuba Berghia da jatan landen lokaci guda ya sayi abinci mai tsada ne kawai ya ba ɗaya daga ciki.

Ranar da suka ci nasara kuwa, ranar ce ajalinsu ya matso. Ba su karɓar wani abinci, cikin 'yan kwanaki sun mutu. Sau da yawa ma sukan mutu alhali akwai sauran Aiptasia biyu ko uku a ɓoye cikin bututu ko tankin tace ruwa na ƙasa inda ba su kai ba, bayan wata shida abu ya dawo sabo. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ni a wurina wannan ba maganar asarar kuɗi ba ce kawai. Dukanmu mun taso da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Halittar da ka rufe a gilashi amana ce a wuyanka, ƙanƙantarta ba ta sauke maka nauyin. Kafin ka saya, ka san gidan da za ta koma.

Akwai kifaye biyu da ake kawowa don wannan aiki. Chelmon rostratus, mai dogon baki da zanen ruwan tagulla a tsaye, yana da kyau ƙwarai, amma ba na ba kowa shawarar sayensa a matsayin ma'aikaci. Yana kai santimita 20, yana da wuyar sabawa da abincin gida, da yawa sukan rame su mutu, wanda ya rayu kuma zai fara da tsutsotsi masu gashin fanka da kake so kafin ya waiwayi anemon. Ɗayan, Acreichthys tomentosus, ba shi da kyan gani, launinsa kamar na busasshen ganye, amma yana da juriya, ana kuma haihuwarsa a gonakin kifi yanzu. Matsalarsa ita ce idan ya gama da Aiptasia yakan fara ɗanɗana murjani mai nama.

Mu koma kan gansakuka, wadda ta fi kowace ɓarna yawa. A nan akwai darasin da teku ya koyar da kansa. A 1983 da 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum, a faɗin Karibiyan. A Jamaika, inda masunta suka riga suka rage kifayen da ke kiwon gansakuka, wannan bushiya ce ta rage tana aikin. Da ta tafi, gansakuka ta rufe komai. Binciken da Terry Hughes ya wallafa a 1994 ya nuna murjanin da ke rufe kusan rabin duwatsun gaɓar Jamaika a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Guguwa da sauran abubuwa sun taimaka, amma rashin makiyayi, wato mai cin gansakuka, shi ne ya hana shi farfaɗowa. Murjani a hankali yake girma, gansakuka kuwa da gudu, idan babu mai aske ta kullum ita ke cin tseren. A 2022 annobar ta sake dawowa yankin.

Hawaii ta ɗauki darasin ta juya shi. A gaɓar Kaneohe, inda wata baƙuwar ciyawar teku ta shaƙe murjani, hukumomi sun fara da zuƙe ciyawar da wani babban injin tsotsa, sannan daga 2011 suka riƙa sakin 'ya'yan bushiyar Tripneustes gratilla da suka ƙyanƙyashe da kansu, don su hana ta sake tashi. A lura da jerin: hannu ya fara, makiyayi ya biyo. Haka yake a akwati. Dodon koɗi ba ya cin gansakukar da ta yi tsawo kamar gashi, gajeriya mai taushi yake so. Sai ka tuge doguwar da hannu, ka goge dutse da buroshi, sannan ka bar musu saura.

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne makiyayi ba ya fitar da komai daga akwati. Abin da ke ciyar da gansakuka sinadaran taki ne, naitiret da fosfet, daga abincin kifi da ruwan da kake ƙarawa. Dodon koɗi ya ci ganye, ya yi kashi, sinadarin ya koma ruwa, wata ta tsiro. Abin da ke fitarwa da gaske shi ne injin kumfa mai tsame datti, da canjin ruwa a kai a kai, da rage hannu wajen ba da abinci. Ruwan famfo ko na tanka ko na leda, duk wanda kake sha lafiya, ba lallai ya dace da murjani ba. Sai wanda ya bi ta matatar da ke cire gishiri da ma'adinai kakaf, sannan a haɗa shi da gishirin akwati har ya kai giram 35 a kowace lita, kamar na teku. Wanda bai gyara wannan ba, ko dodon koɗi ɗari ya zuba, gansakuka za ta ci gaba. Kuma zuba da yawan shi ma tarko ne. Masu sayarwa sukan ce guda ɗaya ga kowace lita huɗu. Za su share akwati cikin mako biyu, sai yunwa ta fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, gawarsu ta ruɓe a bayan dutse ta zama takin sabuwar gansakuka. Fara da kaɗan, ka ƙara idan ka ga aiki ya fi ƙarfinsu.

A nan ne zaman Accra ke shigowa cikin lissafi. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska a watan Maris yana haura 30, ga zafin fitila da na famfo a kai, ga ɗauke wuta da ke tsayar da injin sanyaya ruwa. Wasu dodon koɗin da suka yi suna a kasuwar Turai da Amurka daga ruwa mai sanyi suke. Turbo ɗin da ake kamowa a gaɓar Meziko gwanin ci ne, amma zafi yana gajarta masa kwana, wanda ake kira Margarita kuwa ɗan ruwan sanyi ne gaba ɗaya, sa shi a akwatinmu kisa ne a hankali. Astraea idan ya faɗo ta baya a kan yashi ba ya iya juyawa, sai ka juya shi da hannu ko kaguwa ta riga ka. Wanda ya dace da mu shi ne Trochus, ɗan ruwan ɗumi na Indiya da Fasifik, mai gida kamar dala, wanda yake juya kansa, har yakan haihu a akwati. Cerith yana da amfani a yashi. Nassarius kuwa, da ake yawan haɗawa a cikin tarin masu shara, mushe yake ci, ba ya taɓa ganye. Dukansu ba sa jure canjin gishiri na farat ɗaya, sai an riƙa ɗiga musu ruwan akwati a hankali na kamar awa guda kafin a sake su.

Bushiyar teku ta fi su ƙarfin aiki. Ƙaramar nan mai zanen shuɗi, Mespilia globulus, tana kankare dutse har ya yi fari, tana cin har jar gansakuka mai tauri da masu akwati suke so, tana kuma da ɗabi'ar ɗaukar kaya. Za ka tashi da safe ka ga tana yawo da ɓawon katantanwa a ka, da guntun ganye, wani lokacin har da yankan murjanin da ka saya jiya ba ka manna shi da kyau ba. Akwai kuma Dolabella, zomon teku, mummuna kamar dunƙulen laka, wanda ke share doguwar gansakuka cikin 'yan makonni fiye da kowa, sannan ya shiga halin da Berghia ke shiga. Kifayen tang makiyaya ne na ƙwarai, amma masu yawo ne, akwatin da bai kai lita 300 ba kurkuku ne a wurinsu, kuma dole ka riƙa maƙala musu busasshen ganyen teku. Rawayan nan, Zebrasoma flavescens, ya yi tsada sosai tun bayan da kotu ta taka wa kamun kifin ado birki a Hawaii a 2017. Siganus vulpinus mai fuskar dila ya fi shi cin nau'o'in ganye, sai dai ƙayoyin bayansa suna da dafi, a kula da hannu.

Gansakuka mai ƙwallo, Valonia, abin kallo ce: koriya, mai sheƙi kamar dutsen ado, kuma kowace ƙwallo ƙwayar halitta guda ɗaya ce tak, tana cikin mafiya girma a duniya. Koriyar kaguwa Mithraculus sculptus, mai hannaye kamar cokali, tana cin ta. Idan ta girma ta ji yunwa kuma, tana kai hannu ga murjani da ƙananan kifi masu barci.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Jajayen tsutsotsi masu faɗi da ke shimfiɗuwa a kan yashi da murjani suna sakin guba idan suka mutu da yawa lokaci guda, don haka a fara zuƙe su da tiyo kafin komai. Kifayen ras na dangin Halichoeres suna tsince su, amma suna buƙatar yashi mai laushi da za su nutse su kwana, da murfi a kan akwati domin suna tsalle, idan sun girma kuma ƙananan jatan lande da dodon koɗi ba su tsira ba. Ras mai layi shida yana wannan aikin, yana kuma cin ƙananan dodon koɗin da ke shan jinin manyan kawa, amma mafaɗaci ne, cire shi daga cikin duwatsu kuwa sai an rushe akwati. Tsutsar da ke cin murjanin Acropora ba kifin da zai gama da ita, sai tsoma murjanin a magani a wani kwano dabam mako-mako, domin ƙwanta ba ya jin maganin. Jatan landen Hymenocera, mai ado kamar amarya, yana share ƙananan taurarin teku da suka yi yawa, amma tauraron teku kaɗai yake ci, da ransa, kwana da kwanaki, bayan nan kuma sai ka riƙa sayo masa wani har ƙarshen rayuwarsa. Ban ga dalilin shiga wannan ba alhali ana iya tsince taurarin da hannu. Tsutsa mai ƙaya da mutane ke tsoro yawancinta mai shara ce, a bar ta. Jan yauƙin da ke rufe yashi da mai launin ruwan ƙasa da ke yin zare da kumfa kuwa babu mai cin su da za a dogara da shi, wasu nau'in na biyun ma guba ne ga dodon koɗi. Waɗannan gyaran ruwa suke so.

Wanda ke Landan ko Dubai, idan ma'aikacinsa ya gama aiki, sai ya mayar da shi shago. Mu ba mu da wannan gata. Kusan komai ta jirgi yake zuwa, da izinin hukumar kula da kamun kifi, murjani mai dutse da manyan kawa kuma suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, sai da takarda. Halitta ta kwana a leda ta iso a galabaice, farashinta da dala, kai kuma da sidi kake samu. Wannan kan sa mutum ya kalli teku da ke gabansa ya ce ai ga dodon koɗi da bushiya kyauta a duwatsun bakin ruwa. Akwai su kam. Amma gaɓarmu ba gaɓar murjani ba ce. Ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku tsakanin Yuli da Satumba, koguna suna zubo laka, halittun nan sun saba da igiyar ruwa mai ƙarfi da wani yanayi dabam. Bushiyar da ke haƙa rami a dutse za ta ture maka gini. Abin da aka ɗebo kusa da Jamestown kuwa, inda tafkin Korle ke amayar da dattin gari, ba ka san me ya ɗauko ba. Wanda ya nace sai ya gwada, ya nisanci gari, ya kuma ajiye abin a wani akwati dabam na wata guda yana kallonsa.

Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne akasin haka, wato sakin baƙuwar halitta a ruwanmu don an gaji da ita. Kifin zaki da ya mamaye Karibiyan yana cinye 'ya'yan kifi, wanda aka fara gani a gaɓar Florida a 1985, ana danganta zuwansa da masu akwati. Ciyawar Caulerpa taxifolia da aka gano a ƙarƙashin gidan adana halittun teku na Monako a 1984 ta shimfiɗu a ƙasan Bahar Rum. Kwatar Nima tana zuba a Odaw, Odaw ta zuba a Korle, Korle ta zuba a tekun da masuntan Chorkor ke ci da iyalinsu. Ganyen da ka tuge, ka busar da shi ka jefa a shara.

Tunda haka abin yake, ƙaramin akwatin keɓewa ya fi mana kowane maharbi amfani. Lita 40 ko 60, da fitila da famfo, duk sabon murjani ya zauna a ciki mako huɗu zuwa shida, a cire shi daga dandamalin da ya zo da shi, a duba shi da tocila da dare. Aiptasia guda a kan yanki guda ana rufe ta da manne ko a yanke wurin a jefar. Sannan masu wannan harka a gari su san juna. Zomon teku guda ya ishi gida huɗu idan ana miƙa shi, daga Nima ya je Madina, daga can ya wuce Tema, kafin ya zagayo na farko ya sake tara masa abinci. Berghia kuwa sun fi sauƙi: mutum ɗaya ya ware bokitin gilashi yana kiwon Aiptasia da gangan, wani ƙaramin kuma na Berghia, yana ɗiba daga wannan yana ba wancan. Duk wanda ɓarna ta taso masa ya karɓi shida ko takwas, idan ya ga anemon ya kusa ƙarewa ya tashi da dare da tocila da bututun ɗiga magani, ya tsince waɗanda ya gani, ya dawo da su.